Wandon da Ya Mai da Baba Masallaci

Ku 'yan matan da iyayenku ke turo mini koyon ɗinki, ina lura da ku. Ranar farko kowacce sai ta zarce kan keke, ta ɗora ƙafa tana murmushi, wai kafin Sallah za ta ɗinka wa kanta riga da siket. A ganinku aikin tela taka keke ne kawai. Ni karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma zan rubuta muku yadda na koyi aikin da aka san ni da shi a Kontagora, wato wandon dattawa. In na fara ba ku labarin da baki dariya kuke yi, ba kwa bari in kai ƙarshe.

Wurin Nna Fati na koya, wata Banufiya da ke bayan gidanmu. Na daɗe a hannunta ban taɓa keke ba, sai dai in goge shi da kananzir, in ɗiga masa mai, in naɗe zare a kwarkwaro. Aikina zura tazuge a wando, da kalmasa da allurar hannu, da ɗinke maɓalli. In na gama abu na miƙa mata, ba ta duba fuskarsa. Juya shi take yi ta goga cikinsa a kumatunta. In ta ji ƙulli ko kaushi sai ta jefo mini, ta ce in warware, wai mai kaya da cikin yake kwana, mutanen gari ne ke kallon waje. A lokacin na ɗauka mugunta ce.

Da aka yi mini aure, keken hannu na cikin kayan ɗakina. Maigidana direba ne, yana jigila tsakanin Kontagora da Rijau, muna zaune a gidan mahaifinsa. Ba zan rubuta sunan surukina ba, ban taɓa faɗarsa da bakina ba, Baba nake ce masa. Malami ne, mutanen unguwa na kawo masa tambayoyin tsarki da gado, kuma ba a taɓa kafa sahun farko babu shi ba. Tsakanina da shi sai gaisuwa daga nesa, ina durƙushe, kaina a ƙasa.

Shekarar da na haifi Bilki fitsari ya riƙe masa, aka kwashe shi zuwa babban asibiti a Kaduna. Likitoci suka ce ciwon daji ne, ya kama wata 'yar tsoka a ƙasan mafitsara wadda maza kaɗai ke da ita. Aka yi masa aiki, aka ɗora shi kan ƙwayoyin da zai riƙa sha kullum. Ya dawo da ƙafarsa, yana cin tuwonsa, muka yi ta hamdala. Sai dai daga ranar da ya shiga ɗakinsa na jikin zaure bai ƙara fitowa ba. A kira salla, shiru. Masu tambaya su yi sallama, Inna, uwar mijina, ta ce yana hutawa. Ranar komawarsa asibiti ta zo ta wuce, ya ce ba inda za shi. Maigidana ya yi magana har ya gaji. Ni kuwa babu halin in tambaya.

Aikin farko nafkin ɗin Bilki ne ya jawo shi. Na lura in na shanya su a igiya ba sa komowa daidai. Ni da ma mace ce mai tsoro, ko tari yarinyar ta yi sai na taɓa goshinta. Nan take zuciyata ta ba ni wani ne ke ɗauka don ya yi wa 'yata sammu. Na hana kowa ɗaukarta, na tofe ta da duk addu'ar da na sani. Wata rana da hantsi na laɓe bayan labule ina gadin igiya, sai ga Inna ta waiga hagu da dama, ta zare guda, ta cusa cikin zani, ta yi ɗakin Baba. Sai a lokacin idona ya kai kan wandunan Baba da ke shanye kullum a bayan rumbu, inda ba mai gani, da tabarmarsa da ake fitarwa rana. Fitsari ke ɗigar masa bai sani ba. Mutumin da ke koya wa unguwa tsarki.

Ban ce wa kowa komai ba. Na ɗauko wandon Baba ɗaya daga bayan rumbu na yi awo da shi, na mayar. Na sami buhun fulawa, lokacin na auduga ne, na dafa shi da sabulu har rubutun ya fita ya yi laushi. Na ninka shi ya yi kauri kamar tafin hannu, na yanko leda daga tsohon wandon robar Bilki na shimfiɗa a baya, na bi gefen da kalmasa. Sannan na ɗinka sabon wando mai faɗin hantsa, da yadi mai duhu, na sa maɓallai daga ciki yadda za a maƙala abin a cire a sa wani. Na goga a kumatuna, na ji ɗinkin gefe na cizo, na warware na sake. Da na gama sai na shanya a igiya tare da kayan Bilki, na shige ɗaki. Da na fito babu shi. Da yamma Inna ta aiko mini da tuwo, naman da ke kai ya fi na kowa. Iyakar maganar da muka yi ke nan.

Wankin Inna ya ragu, amma Baba bai fito ba.

Mata ne suka yaɗa abin. Inna ta je karɓo magani a asibitin gari, ta zauna benci ɗaya da matar wani tsohon soja daga wajen Rijau, suka buɗe wa juna ciki. Ba a jima ba aka fara kawo mini tsofaffin wanduna a ƙunshe, don ni ba na auna namiji, da tsohon wandonsa nake aiki. Kowace mace ta kawo sai ta rage murya ta ce maigida ya ce kada kowa ya ji. Ni kuma kowacce na ce mata a zo ranar kasuwa, don ranar ce mutanen ƙauye ke shigowa gari. Bakin tela ne, haka Nna Fati ke ce wa kowa, ban kawo komai a raina ba.

Wandon tsohon sojan, Kofur Bulus, shi ya fi ba ni wuya. Shi robar fitsari aka sa masa, da jaka a ƙarshenta, yana yawo da ita a cikin ledar kasuwa kamar ya sayo man ja. Na yi masa aljihu a ciki daidai ƙugu. Ranar kasuwa sai ga shi da kansa a zaure, wai matarsa ba za ta iya bayani ba. Na tsaya bayan zana, Bilki a bayana.

“Tela,” in ji shi, “kin taɓa ganin ruwa ya hau tudu? Kin rataye mini jaka a ƙugu, fitsarin sai ya yi fareti ya koma bariki. Ki sauke aljihun nan ƙasa da gwiwa. Ki tsaga ƙafar ta ciki ki sa maɓalli, in zan zubar ba sai na tuɓe kamar mai shiga kogi ba.”

Kunya ta kusa kashe ni, amma na ce ya jira in gyara. Na zauna ke nan allura ta karye a kan ninkin, na sa wata, zare ya dinga cukurkuɗewa. Ina cikin fama sai na ji wata sallama. Alhaji Garba ne, dillalin hatsi daga Ibeto, ya zo karɓar nasa, don matarsa ba ta da lafiya. Ya ce an aiko shi ne, kayan wani ɗan'uwansa. Mutum biyu, kowa na riƙe da asirinsa, na haɗa su kan tabarma ɗaya. Na ce yau kasuwata ta mutu.

Zana ce kawai tsakanin inda nake ɗinki da zaure, ina jin komai. Suka gaisa, suka yi maganar damina. Can sai Kofur ya ce, “Alhaji, ɗan'uwan nan naka, shi ma a karkace yake zama kamar kai?”

Kofur ya ci gaba.

“Shi ma zufa na karyo masa ana zaune ƙalau? Ga ta nan a goshinka. Ƙwayar nan 'yar ƙarama ce, ko? Ni ta fara sa ni fifita da hula a coci. Kuma ka duba nan.” Na ji ya bugi ƙirjinsa. “Na je yaƙi na dawo, yanzu ga ni da ƙirjin 'yan mata. Matata ta ce in na ƙara kaɗan za ta ara mini rigar mama.”

Alhaji ya yi ƙoƙarin riƙewa, abin ya fi ƙarfinsa. Dariya ya yi har da tari, sannan ya ce, “Kofur, Allah ya shirye ka. Wallahi na ɗauka ni kaɗai aka yi wa wannan. Ko matata ban bari ta gani ba.”

Ranar ban gama wandon kowa ba, kuma ba wanda ya yi fushi. Suka tashi suna cewa sai wata kasuwar.

Daga nan zauren ya zama nasu. Suka ƙaru da wani tsohon masinja daga Bangi da wasu ma. In na gama wa mutum aikinsa sai ya ƙirƙiro gyara, wai maɓalli na motsi. Abin maƙalawar nan sun ƙi a kira shi nafkin, Kofur ya raɗa masa suna maigadi, har yau haka muke ce masa a shagon nan. Yawancin abin da nake koya muku daga bayan zanar nan na tsince shi. A bakinsu na ji leda in ta taɓa fata tana sa ƙuraje, na koma rufe ta ciki da waje. A bakinsu na ji riga mai aljihu ɗaya na tona kumburin ƙirji, na fara yin aljihu biyu da tattara a kafaɗa. Su kuma suna koya wa juna nasu: a rage shayi in za a hau mota, kada a ƙi shan ruwa don tsoron ɗiga, kada a bar ƙwaya don an ji sauƙi, in robar ta toshe a tafi asibiti ranar, ban da sa tsinke. Wanda ranarsa ta Kaduna ta zo, wani ya raka shi. Akwai maganganun da in suka fara, na tsakanin miji da mata, sai in ƙara wa keke gudu don kada in ji.

Duk wannan a jikin bangon Baba ake yi. Mun san yana ji, don in Kofur ya saki wata sai mu ji tari daga ɗaki.

Wata ranar kasuwa ina yanka wa masinjan Bangi wando, Alhaji Garba ya ce shi fa ya bar jam'i. In ya yi alwala, kafin ya kai ƙofar masallaci ya ji ɗiga, ya koma ya sake, har a sallame yana bakin buta. Ya ce yana tsoron duk sallolinsa tun aikin nan babu ko ɗaya. Kofur ya ce, “Wannan kam ba bataliyata ba ce.”

Sai murya ta fito ta bango. “Wa ya gaya maka haka?”

Almakashi ya tsaya a hannuna. Na ji ƙarar ƙofa, na ji takun da na manta irinsa.

“Mai lalura irin wannan an yi masa rangwame,” in ji Baba. “Ka tsarkake jikinka, ka sa abu mai tsabta, ka yi alwala in lokaci ya shiga, ka tafi sallarka. Abin da ya ɗiga bayan nan ba ya karya maka komai. Allah bai ɗora maka abin da ba ka iyawa ba.”

Alhaji ya dinga godiya kamar an ba shi kujerar Makka. Suka matsa wa Baba wuri, ya zauna. Inna na tsaye kusa da ni da ludayi a hannu, ta manta miya na wuta.

Kofur ya bari aka natsu, sannan ya ce, “Allah gafarta Malam, ni ba na sallarku, amma ina da tambaya. Wannan rangwamen, na mutanen Ibeto ne kaɗai, ko har da na Kontagora?”

Baba ya ce, “Na kowa ne.”

“To a wane sahu kake tsayawa, in gaya wa Alhaji ya tsaya kusa da kai?”

Da aka kira azahar Alhaji ya fita, Baba kuwa ya koma ɗaki. Amma kasuwa ta gaba shi ya riga kowa shimfiɗa tabarma, kuma da ranar Alhaji ta Kaduna ta zo, Baba ya shiga motar ɗansa suka tafi tare, likita ya duba shi ya yi masa faɗan ƙin zuwa. Masallacin ne dai ya gagara. Ya ce wa Kofur a littafi ya san hukuncin, amma in ya tuna zai ɗago daga sujada mutumin baya ya ga tabo a rigarsa, sai ƙafarsa ta ƙi.

Sai muguwar shekara ta zo, lokacin da komai ya yi tsada. Allura ta zama abin ɓoyo, in ta dakushe a dutse nake wasa ta. Masu fulawa suka bar buhun auduga suka koma na leda, wanda ba ya shan ko ɗigo. Na gwada yadin kanti, ya ƙi tsotsewa. Na gwada tsohon bargo, ya yi zafi. Na rasa barci ina tunanin dattawan nan za su koma ɗaki saboda ni. Matansu ne suka fitar da ni, suka dinga kawo tsofaffin zannuwan da suka sha wanki har suka yi laushi. Shi ya sa za ku ga maigadi na wancan lokacin da furanni. Kofur ya ce nasa zanin auren matarsa ne, ba a taɓa tsaronsa da kyau haka ba. Ƙwayar ma ta yi wuya a kemis, sai wanda ya je Kaduna ya karɓo wa sauran da katinsu.

A shekarar ne ciwon Alhaji Garba ya shiga ƙashi, ya kwanta. Maigidana ya kwashe su duka zuwa Ibeto dubiya. Shi ya ba ni labari, ya ce Alhaji ya kama hannun Baba ya ce, “Malam, da fatawarka na yi wata da watanni ina jam'i. Yanzu ko an ba ni ba zan iya ba. Kai da ke da ƙafa, wurina a sahu fa babu kowa.” Bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa.

Bayan kwana kaɗan Inna ta shigo ɗakina ta ajiye ƙunshi a kan keke ta fita. Na buɗe. Farar shadda ce, fara tas, wadda Baba ya ajiye tun kafin ciwo. Ku sani, duk dattawan nan ba wanda na taɓa ɗinka wa fari. Baƙi, ruwan ƙasa, shuɗi mai duhu, abin da zai ɓoye tabo. In abin ya ratsa a tsakiyar masallacin Juma'a, na san Baba ba zai ƙara leƙa ko zaure ba. Na yi maigadin da zanin Inna mafi laushi, na ƙara ninki, na juya bakin ledar sama kamar bakin faranti. Na zuba masa ruwa da cokali, na zauna a kai a kan farin ƙyalle, na tashi na duba. Na sake, na sake, har Inna ta leƙo ta ce ko lafiya. Na goga a kumatu har ya yi zafi. Sannan na shanya a igiya.

Ranar Juma'a ba ranar kasuwa ba ce, amma tun hantsi sai ga Kofur daga Rijau, da tsohuwar jakar sojansa. Ya ce in zuba masa wando mai duhu da maigadi na canji.

“Malam, ni zan tsaya gindin bishiyar da ke tsallaken titi,” in ji shi. “In an samu matsala ka fito ta ƙofar gefe ka ɗaga hula, in kawo ɗauki. Na yi gadin gada a yaƙi, wando ɗaya ba zai gagare ni ba.”

“Kofur, mutane za su ce ka musulunta.”

“Su ce. In sun ba ni goro zan karɓa.”

Suka fita, Baba cikin fari, Kofur a baya da jaka, jakarsa ta fitsari kuma lafe a aljihun da na sauke masa. Ni na kasa zama. Na share tsakar gida da aka riga aka share. Na ɗauki Bilki, wadda ta fara gudu a lokacin, na goya ta ƙarfi da yaji tana zillo. Da na ji an sallame na koma bayan zana na kasa kunne.

Muryar Kofur na fara ji tun daga waje, yana mita wai an shanya shi a rana a banza, ko hula ba a taɓa ba. Mutanen unguwa na biye da su, wannan na cewa Malam barka da fitowa, wancan na cewa yana da tambaya tun bara. Da suka watse Baba ya shigo tsakar gida, abin da bai yi ba tun da aka yi masa aiki a Kaduna. Na durƙusa. Na saci kallon shaddar, gaba da baya. Fara tas.

Bai dube ni ba, ba a yin haka. Bilki ya duba, tana leƙe ta kafaɗata.

“Amarya,” in ji shi, “ki gaya wa uwarki wandon ya yi. Ki ce mata akwai sauran shaddar, ta yanka wa Kofur. Ya ce ranar Lahadi ni zan riƙe masa jaka.”

Shi ya sa, ke Hadiza da ke Ladi, in dattijo ya aiko da tsohon wando a ƙunshe, ba a tambaya, ba a dariya. A yi awo, a sauke aljihu, a juya a goga a kumatu. Kuma ko kun gama aikin tun jiya, ku ce masa ya zo ranar kasuwa.